Ranar da Walƙiya Ya Cire Kwaɗo

"Ni da kuke gani, kwamfuta in ta ji takuna gyara zama take yi," in ji Walƙiya. Shi ya raɗa wa kansa sunan. A bayan idonsa, 'yan ofis Gajimare suke ce masa: ga duhu, ba ruwa.

Kamfanin yayarsa ne, suna haɗa injin ƙyanƙyasar ƙwai. A cikin ƙwaƙwalwar injin akwai wata taswira da ke nuna wa kowace manhaja shafinta na ajiya. Yaya ta sa wa taswirar kwaɗo: in manhaja ɗaya tana neman shafi, sauran su jira ta gama.

Da Yaya ta yi tafiya, sai gogan naka ya zauna a kujerarta, ya buɗe aikin, ya taɓe baki.

"Layi a cikin kwamfuta? Asibiti ne?"

"Ranka ya daɗe, Yaya ta ce kada a taɓa," in ji wani mai haɗa waya a ofishin.

"Yaya tsoro gare ta. Kulle-kulle sai ka ce mai gadi."

Ya goge kwaɗon tas. Inji ya tashi da gudu, shi kuma ya zaga ofis yana karɓar gaisuwar da ba wanda ya yi masa. Bai ko gwada sau biyu ba, ya kinkime shi sai gonar wani dattijo mai kaji, suka jera ƙwai ɗari uku.

To, ka san gida ba ƙofa. Manhajar zafi da manhajar ƙirga ƙwai suka faɗa wa taswira lokaci guda, aka ba su shafi ɗaya. Mai ƙirga ta rubuta ɗari uku, mai zafi ta karanta, ta ce to, zafin da ake so ke nan. Ta sakar wa hita wuta.

Wani ƙamshi ya fara tashi.

"Yaro, lafiya kuwa?"

"Baba, ƙamshin fasaha ne."

Ya danna nan, ya danna can, gumi na ɗiga a kan allo. Ƙarshe ya laɓe bayan buhun dusa ya kira waya.

"Yaya, wai a misali, in mutum ya cire kwaɗon nan..."

"Zare soket, sakarai. Ƙwan Baba kuma kai za ka nemo masa wasu."

Dattijo ya ɗauki ƙwai guda, ya ɓare, ya duba gwaiduwa, ya gyaɗa kai.

"Gaskiya ka iya sauri. Kaza sai ta kwana ashirin da ɗaya, kai ko awa ba ka yi ba." Ya juya wajen matarsa. "Miƙo wa injiniya gishiri, ya zauna ya ga 'yan tsakinsa."