Rediyon Baba a Ma'aunina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tara manoman ƙauyenmu a bakin kanal ɗin ban-ruwa don in wayar musu da kai ba. Ni da kaina, wai masani.

Lokacin ina aikin kammala karatu ne a jami'a, kan hasashen yawan matattun kayan lantarki da yankin Kura da Bunkure zai tara nan gaba: wayoyi, fitilun caji, batiran sola. Burina hukuma ta ga hasashen ta kafa wurin sarrafa su, kafin dalmar cikinsu ta bi ruwa ta shiga shinkafarmu. A lissafina, duk abin da ya mutu shara ne. (Har malamina ya yaba, kaina ya ƙara girma.)

Da safiyar ranar taron ina neman abin da zan yi misali da shi, sai na ga wata tsohuwar rediyo a kan tagar ɗakin Inna, an ɗaure bayanta da roba. Inna ta shiga maƙwabta barka. Na kunna, shiru. Na sunkuce ta.

A gaban jama'a na ɗora ta a ma'auni, na yi ta zuba bayani. Don su ga gubar da idonsu, sai na sa guduma na fasa ta gida biyu, ina murmushi ina jiran tafi.

Kawu Sale, ƙanen mahaifina, ya matso ya ɗauki robar yana jujjuyawa.

"Kai, ba rediyon Yaya ba ce wannan? Wadda yake ratayawa a bukka in yana jiran layin ban-ruwa a gona?"

Baba bai cika shekara da rasuwa ba. Da ƙasa za ta tsage, wallahi da na shige har da ma'aunin.

Na kwashe tarkacen a gaban rigata na koma gida. Ni ne ɗan farin Inna, ba ta kama sunana, ba ta kuma yi mini faɗa ido da ido. Ta shimfiɗa ɗankwali a ƙasa, ta tsince su ɗaya-ɗaya, har ƙananan kusoshin. Sai a lokacin na lura babu ƙura ko kaɗan a jikinsu. Ashe kullum sai ta goge ta.

"Inna, ki yafe mini. Zan sayo wata."

Ta ɗaure ɗankwalin tana kallon bango.

"Ba komai. Dama ta daɗe ba ta magana."

Da dukana ta yi da ya fi mini sauƙi. Na fita bayan rumbu na yi kuka kamar ranar jana'iza.

Na ci jarrabawa, an ce hasashena ya yi kyau. Ƙullin nan kuwa yana kan tagar har yau. Yanzu kafin in kira wani abu shara, sai na fara duba ko akwai mai goge shi.