Yoyon Lagireto da Farar Shaddar Surukina

Ko zan manta da komai a harkar mota, ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da na ɗauki surukina zuwa ɗaurin aure a wani ƙauye bayan Zango ba. Ni dai mai kemis ne a nan Daura, ban taɓa koyon kanikanci ba, amma ina da ciwon nan na ganin babu abin da zai lalace in kasa gyarawa matuƙar akwai data a wayata.

Motar tsohuwar bas ce irin ta Turawa masu yawon buɗe ido, a hannun wani dillali na saye ta a Mai'adua. A bayanta akwai gado mai katifa wanda ake naɗewa ya zama kujera, da 'yar kabad, har da wurin wanke kwanuka. 'Yan majalisarmu suka sa mata suna Tafi-da-gidanka. Matata kuwa ba ta taɓa kiranta da komai ba sai "wannan abin naka".

Matsalarta biyu. Ta farko, tana shan ruwa. In na cika lagireto da safe, kafin yamma ya yi ƙasa, amma ko ɗigo ba na gani. Na shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ya kwana, na tarar da shi a bushe. Na canza murfin lagireto, na sayi sabon tiyo a shagon Oga Emeka mai kayan gyara, har ɗanyen ƙwai na fasa a ciki saboda wani direba ya rantse mini yana toshe yoyo (ban ga toshewa ba, ƙarni dai na ji). Ta biyu, allurar da ke nuna zafin inji ba ta da kan gado. In na kunna fitila sai ta yi tsalle ta hau ja, in na kashe ta sauko.

Ana gobe ɗaurin auren na buɗe gaban motar, na kalli wani bidiyo da ake yi da yaren da ban ji ko kalma ɗaya ba, na ga a cikin injin wata wayar lantarki da ta goge tana taɓa ta fitila. Na datse ta, na naɗe da salatif, na cusa ta ciki. Allura ta kwanta a ƙasa luf, ba ta ƙara motsi ba. Na shiga gida na shaida wa matata cewa an gama da matsalar zafi. Ashe wayar da ke kawo labari daga inji na yanke.

Baba, mahaifin matata, shi ne waliyyin amarya, 'yar ƙaninsa da ya rasu, kuma tun mahaifinta yana jinya ya yi masa alkawarin da bakinsa zai ba da aurenta. Ya so ya bi motar haya, ni na nace sai na kai shi. Suka shiga baya shi da amininsa Malam Ilu, Baba cikin sabuwar babbar riga ta farar shadda, suka harɗe a kan katifa suna hirar damina.

Muna wuce Zango hirar ta mutu. Na leƙa madubi na ga fuskar Baba ta canza. Can ya ce, "Malam, ɗan tsaya nan."

Na tsaya. Ya sauko a hankali yana tattare riga, ya nufi bayan wata darbejiya. A nan na gani: bayan rigar ya jiƙe sharkaf, ruwan kuma ɗorawa-ɗorawa. Nan take mai kemis ɗin da ke cikina ya gama gano cuta. Na bi shi, na durƙusa, na sassauta murya yadda nake yi wa masu zuwa sayen maganin da suke jin kunyar faɗa.

"Baba, kada ku sa damuwa a ranku. Dattawa da yawa masu shekarunku suna fama da wannan. Ko suga ne, ko mafitsara. Akwai ma famfas na manya da nake sayarwa, ba wanda zai gane kun sa."

Wallahi da bakin nan nawa na faɗa, ga surukina. Sai ya ce, "Ban ji fitarsa ba, Malam. Ɗumi kawai na ji." "Kira mini Sani, ka ce ya karɓi waliccin. Ba na shiga masallaci a haka." Sani ƙaninsa ne, shi ne autansu. Tausayinsa ya kama ni sosai, don ban taɓa ganin Baba a karye irin haka ba.

Ina laluben lamba sai muka ji muryar Malam Ilu daga wajen mota: "Alhaji, wai kai ma?"

Muka juya. Ga shi tsaye ya baje rigarsa, irin tabon Baba sak. Shi ma tun kafin Zango ya ji ɗumin, ya yi gum yana ta istigfari a zuci. A bayansa kuma tururi na fitowa ta ƙofar motar. Na ruga na ɗaga katifa. Ashe akwai wani ɗan ƙaramin lagireto a ƙarƙashin gadon, na ɗumama ɗaki a ƙasashen sanyi, ruwan inji ne ke zagayowa ta cikinsa. Tiyonsa ne ke tsiyaya tun tuni, soson katifa na shanyewa, yau kuma da zafi ya yi yawa ya tsage gaba ɗaya. Ruwan tsatsa ne da ƙarnin ƙwaina. Na duba allura, tana kwance abinta, wai inji lafiya lau.

Baba ya ce, ba ko murmushi, "Ilu, surukina ya ce yana da famfas na manya."

Malam Ilu ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. "To ya kawo uku, har da na motar!"

Da ruwan jarkar da nake yawo da ita saboda lagireto suka ɗauraye rigunan. Na tsayar musu da 'yan acaba, suka hau, riguna na kaɗawa a iska suna bushewa. Sun samu Juma'a, Baba ya ba da auren da bakinsa. Ni kuwa a gefen titi na wuni, sai da bakanike ya zo daga Zango ya toshe hanyar ruwan baya, ya mayar da wayar da na datse.

Da yamma na je gidan Baba ban haƙuri, na durƙusa na fara zancen sabuwar shadda. Baba ya ɗaga mini hannu.

"Riga ai wanki ce, Malam. Ni da abin ya sama, in na ruɗe ba laifi. Amma kai da ka daɗe kana neman inda ruwan motarka yake zuwa, ka ga ruwa a cikin motarka, sai ni ka fara zargi?"

Abin da na koya dai shi ne, in na ga wuri ya jiƙe kusa da ni, kayana nake fara dubawa kafin in tausaya wa kowa. Baba ya yafe mini, muna gaisawa lafiya, amma ko maganin ciwon kai yake so, wani kemis yake aikawa.