Tulin Itacen da Ya Yi Surutu

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da na tara itacen wankan jego a ƙofar gidana a Ruwan Godiya, alhali ko ciki babu.

Shekara tara Hauwa, matar ɗana na fari, ba ta yi ko ɓari ba. Sai suka tafi wani asibiti a Abuja, inda ake haɗa ƙwan mace da na namiji a waje, in ya kama a mayar cikin mahaifa. Ran nan yaron ya kira ni: "Inna, guda huɗu sun kama. Saura gwaji. Ki yi shiru tukuna."

Na yi shiru, Allah shaida. Bakina bai faɗa wa kowa ba. Amma na sa aka sauke mini amalanke biyu na itace, na sayo kanwa da babbar tukunya. (Ni da na aurar da 'ya'ya shida, na manta a garinmu tulin itace shi ne shela.) Kafin Juma'a har garin Sheme an ji.

Ranar da suka dawo, mata sun cika tsakar gida. Hauwa na sako ƙafa, Hajiya Laraba maƙwabciyata ta rangaɗa guɗa, ta ce, "Uwar biyu ko uwar uku? Zauna a hankali!"

Hauwa ta dubi itacen, ta dube ni. Ta durƙusa ta ce, "Inna, mun same ku lafiya?" Ta shige ɗaki. Da ma zagina ta yi.

Yaron ya ja ni gefe. Wai kowane ƙwan da ya kama ya kamata ya sami zaren halitta arba'in da shida, rabi na uwa, rabi na uba. Likita ya ƙirga: uku zarensu ya yi yawa, ɗaya bai cika ba. Ko an dasa, da wuya su zauna. "Ba laifin kowa ba ne, Inna. Mun so mu yi kukanmu mu biyu. Yanzu da gari za mu yi."

Wata uku Hauwa ba ta je rijiya ba, don gudun "sannu".

Itacen kuwa da shi nake tuwo har yau, kullum hayaƙinsa sai ya sa ni hawaye. Bana sun sake komawa Abuja. Ba su gaya mini komai ba, ban kuma tambaya ba. Ko tsinke ban saya ba.