Mako Uku Ina Cewa Lafiya Lau

Ba zan taɓa mantawa da Alhamis ɗin da aka haska aikina a gaban mutum tara ba. Har yau in na tuna, ji nake kamar in shige ƙarƙashin tebur.

Lokacin na samu gurbin da kowa ke rububi: kwana huɗu kana aikin kwamfuta a wani kamfani a Manhattan, kwana ɗaya kana jami'a, su ɗauki nauyin karatunka har digiri. Sharaɗin ɗaya ne: bayan wata uku a duba ka, in ba ka taɓuka komai ba a sallame ka. (Ni kuwa na riga na cika wa 'yan unguwarmu ta Fordham Road baki cewa injiniya nake.)

Kowace safiya mukan tsaya a da'ira, kowa ya faɗi yadda aikinsa ke tafiya da abin da ya gagare shi. To ni Bakano, ina aka taɓa ce wa mutum "ya aiki?" ya amsa da ba daɗi? Sai in ce komai lafiya lau. Alhali tun ranar farko manhajar da aka ba ni ta ƙi buɗewa. Mako uku ina zufa ni kaɗai, ina yaƙe haƙora.

Ranar Alhamis aka haska allon kwamfutata a bango. Ba komai sai jan rubutu layi ɗaya mai nuna matsala.

Anti Ramatu, 'yar Kumasi, babbar injiniyar da aka damƙa ni a hannunta, ta juya zuwa Hausa don ta rufa min asiri.

"Tun yaushe?"

"Tun zuwana, Anti."

"Kai! Ba kullum muna tambayarka ba?"

"Wallahi na ɗauka gaisuwa ce."

Ta yi ta maza, ta kasa, dariya ta ƙwace mata har da hawaye. Manajanmu ya ce a fassara masa. Ta fassara, ina tsaye. Kunya kamar ta kashe ni.

Ashe izinin shiga manhajar ne ba a ba ni ba. Minti huɗu ta gyara. Ba a kore ni ba, amma an ƙara min wata guda na gwaji.

Tun daga nan na koyi faɗin damuwata, har na zarce. Rannan Mama ta kira daga Kano ta ce, "Ya aiki?" Na fara jero mata matsaloli. Ta katse ni: "Kai, wa ya tambaye ka? Gaishe ka nake yi."