Jakin da Ya Je Gaida Surukai

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je Illela gaida mahaifin Rakiya ba, yarinyar da nake nema. Na sha gugar babbar riga, abokina Sani ya rako ni. An ce mini tsohon ba ya ba da 'yarsa ga wanda ba shi da sana'ar da ido ke gani.

Ni kuwa sana'ata haɗa wasan salula. Abin ya samo asali tun muna lakwal, wato makarantar boko, a Konni, lokacin da muke tserewa zuwa wani shago bayan tasha, inda akwai tsohuwar tele da wasannin kaset. Sai an hura kaset da baki yake tashi, in an ɗauke wuta mu yi ta zaman jira kamar masu zaman makoki. Har yau ina kewar shagon nan. Shi ya sa da na girma na ƙera nawa wasan irin na da, na wani jaki mai jan amalanke daga Bazaga zuwa kasuwa, yana tsallake ramuka. Ni na zana, ni na haɗa, kuma (Allah na tuba) da na rasa inda zan samo kukan jaki mai kyau, sai na kulle ɗaki na yi da bakina na naɗa.

Muka durƙusa a zaure muka gaisa, tsoho yana tare da ƙannensa. Ya dube ni ya ce, "Yaro, mi kaka yi?"

Kafin in buɗe baki, Sani sarkin rawar kai ya zaro salulata ya miƙa. "Baba, gani ya kori ji."

Tsoho ya danna. Jaki ya faɗa rami, muryata ta cika zauren. Na sunkuyar da kai ina ƙirga zaren tabarma. Ya sake dannawa, jaki ya sake faɗawa. Ya kasa kunne sosai, ya ce, "Wanga jaki ba shi da lafiya. Na wa ne? A gaya ma mai shi ya ba shi kanwa."

Na so in ce na wani maƙwabci ne. Amma ta yaya zan soma surukuta da ƙarya? Na ce, "Baba, ni ne."

"Kai ne mai jakin?"

"Ni ne jakin."

Sai daga bayan labule na ji dariyar Rakiya ta kuɓuce mata. Wallahi na sallama auren nan, har na fara neman takalmana da ido. Tsoho ya yi dariya har da hawaye, ya share da gefen rawani, ya ce, "Wanda ya yarda shi zama jaki don aikinai shi yi kyau, kuma bai ɓoye ba, ba ya barin ɗiyata da yunwa. Amma gobe ka zo ka naɗi kukan nawa jakin, ya fi ka murya."

Yau 'ya'yanmu biyu da Rakiya, kuma jakin surukina ne ke kuka a wasan. Abin da na koya shi ne, gaskiya tana ba da mata, amma ba ta goge suna. Duk Illela har gobe ba mai kirana sai Na-Kanwa.