Tawadar Gar da Hoton Hajiya

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka yi walimar dawowar surukata daga Makka ba. Ko da na so mantawa ma, dangin matata na garin Jugu ba za su bari ba, don sun ɗauki labarin tamkar gado, kowa da kasonsa.

Ni mai hoto ne. Ina da ɗan stidiyo a unguwar Gema, nan garin Paraku, kuma abin da nake taƙama da shi a duniya bayan 'ya'yana (wasu ranakun ma kafin su) shi ne injina na buga hoto. Ƙato ne, ya kusa tsawon gado, yana shan tawada kala takwas, kowace kala da katush ɗinta, wato ɗan akwatin da take zama a ciki. Tawadarsa ta asali daga Kwatano ake kawo ta, da tsadar tsiya, amma in ta hau takarda ta hau ke nan. A nan na samo wata ɗabi'a ta banza. Duk wanda ya tsaya yana taya aikina da arha, sai in ɗauko hoto, in kwara masa ruwan buta a gabansa, in goge da hannun riga, in ce, “Vuwala! Shekara ɗari.” (Vuwala Faransanci ne, wato ga shi nan.) Mutum ya riƙe baki, ni kuma kaina ya ƙara girma.

Abin da ke ci mini rai shi ne dangin matata Rakiya ba su taɓa ɗaukar hoto a matsayin sana'a ba. 'Yan kasuwa ne tun kakanni. Mahaifiyarta, Hajiya, atamfa take sayarwa a kasuwar Jugu tun kafin a haife ni, kuma shekara tara da aurenmu ba ta taɓa tambayata ya kasuwa ba, sai dai ta ce ya wasan namu. Yayan Rakiya kuwa, Yaya Sani mai kashu, in na durƙusa gaishe shi sai ya gyara hula ya ce in ɗauke shi hoto ɗaya, ya bushe da dariya shi kaɗai. Rakiya ce take tare mini faɗa a gidansu. Ina nuna kamar ban damu ba, amma wallahi na damu.

To da Hajiya ta aiko hotonta ta waya daga Madina, cikin farin hijabi, koriyar ƙubba a bayanta, sai na ce yau ga ranata. Zan buga shi babba a kan takardar nan mai kama da yadi, wadda ake ɗaurewa a jikin katako ba tare da gilashi ba, in kai mata kado, wato kyauta, ranar walima. Su gani da idonsu ko wasa ne.

A makon kuwa katush uku suka ƙare lokaci ɗaya, kamar sun haɗa baki. Na ji farashin na asali, na ga ya yi tsadar gaske. Sai wani abokina ya ce ai ni kaɗai na rage a garin nan ina wahalar da kaina, kowa ya koma katush na ɗurawa, in je Gar, unguwar tashar jirgin ƙasa, wajen wani mai shago da ya zo daga Najeriya. Ɗanlami zan kira shi a nan, don in na faɗi sunansa na gaskiya zagi zai biyo baya.

Ɗanlami ya baje mini katush takwas na roba, ana hango cikinsu, kowane da ɗan marfi a ka, ga kwalaben tawada, ga sirinji kamar a asibiti. Ya rantse da iyayensa cewa kamfani ɗaya ke yin su, kwali ne kawai ya bambanta. Na tambaye shi ko tana jure ruwa. Ya dube ni da tausayi ya ce, “Haba Oga, tawada ai ruwa ce. Ruwa zai ji tsoron ruwa?” Ni kuma, mai shekara goma sha biyar a sana'a, na gyaɗa kai kamar an karanta mini hadisi.

Na dawo na zauna da sirinji ina ɗura tawada, rabi a katush, rabi a jikina. Da na saka su, injin ya rubuto da Faransanci cewa bai san waɗannan baƙin ba, ya tambaye ni ko na tabbata. Sau uku yana tambaya, sau uku ina danna masa eh. (Ka ji, ƙarfe ma ya yi ƙoƙarin ceto na.) Hoton ya fito, kuma gaskiya ya yi kyau. Launin ma ya fi na asali ɗaukar ido. Na tsaya ina kallonsa ina jin haushin duk shekarun da na yi ina aika kuɗina Kwatano.

Da na je cin abinci Rakiya ta kama hannuna ta juya shi. Yatsuna sun yi ja da shuɗi kamar na amaryar da aka yi wa lalle a duhu, sabulu ya ƙi fitar da su. Ta ce ita ba ta taɓa ganin tawadar da nake amfani da ita ta kama fata haka ba, wannan rini ne, kuma abin da aka rina yana iya zuba. Ta ce a gidansu ba a sayen atamfa sai an jiƙa bakinta an murza. “Baban Amina, ka jiƙa gefen hoton nan ka gani mana.” Na ba ta amsar da namiji ke bayarwa in ya ji matarsa na da gaskiya, na ce me ta sani game da inji. Maganar Allah kuwa, tsoro nake ji. Takardar guda ɗaya ta rage mini, kuma ba na son sanin amsar.

Ranar Asabar muka shiga taksin Jugu. Hoton na kama wa kujera guda a gaba, Rakiya da yara suka matsu a baya. Na sa sabuwar farar shaddata, wadda nake ajiye wa Sallah.

Bayan azahar rumfa ta cika a ƙofar gida. Ana ta zuba wasa-wasa, dambun nan na garin doya, ana zagayawa da dabino da ruwan zamzam a ƙananan kofuna. Hajiya na zaune a kan kujera tsakiyar ƙawayenta 'yan kasuwa, sabon haƙorin Makka yana walƙiya. Kowa ya san abin da suruki ke yi a irin wannan wuri: ka durƙusa daga nesa, ka yi barka da dawowa, ka ajiye abin da ka kawo, ka sulale. Ni sai na tsaya a tsakiyar rumfa na yaye takardar da na naɗe hoton da ita.

Wurin ya ɗauki kabbara. Mata suka miƙe suna leƙe. Hajiya ta daɗe tana kallon kanta, sannan ta yi murmushi, irin wanda shekara tara nake jira. Na hango Rakiya a bakin zaure, fuskarta ta cika da farin ciki. Da a nan na tsaya, da yau wani labarin nake ba ku.

Sai Hajiya ta miƙa hannu ta murza gefen hoton da yatsu biyu, yadda take yi wa kaya a kasuwa. Ta ce, “Mijin Rakiya, wannan yadin naka ba ya zuba?”

Yaya Sani ya karɓe zancen, wai abu ba gilashi, damina ɗaya za ta gama da shi. Aka ɗan yi dariya. Dariyar nan ce ta kashe ni. Na ji bakina yana cewa a kawo mini ruwa. Rakiya tana girgiza mini kai daga zaure, har da ɗaga hannu, na yi kamar gaishe ni take yi. Aka ɗebo moɗa cike daga randa. Na jingina hoton a jikin kujera, na yi ɗan jawabi kan yadda aikin gwanaye ya bambanta da na 'yan koyo, na ɗaga moɗar sama don na baya su gani, na ce shekara ɗari, na kwara.

Da farko babu abin da ya faru. Ruwa ya gangara, Hajiya na nan tana murmushi a hoto. Na dubi Yaya Sani ido cikin ido, na naɗe hannun shaddata, na goge fuskar da ƙarfi, sau ɗaya, daga hagu zuwa dama.

Da na ɗaga hannu, Hajiya ba ta nan. Idonta ɗaya ya sauko haɓa. Hanci ya tafi wajen kunne. Koriyar ƙubba ta narke ta gangaro kan farin hijabi kamar an kifar da miyar kuka. Sauran fuskar kuwa, da na duba, tana jikin hannun rigata. Rumfa ta yi tsit, ba ka jin komai sai ɗigar ruwa mai launi a kan tabarma. Wata tsohuwa da ta zo tun daga ƙauyen Pelebina ta fara salati a hankali. Ni kuma, saboda sabo, saboda baki ba ya shawara da ƙwaƙwalwa, sai na ji na ce, “Vuwala.”

Yaya Sani ya faɗo daga benci. Ba ƙari na yi ba, sai da aka ɗaga shi. Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta dubi hoton, ta dubi hannun rigata, ta ce a natse, “Ikon Allah. Shekara ɗarin ta yi sauri.”

Ban san yadda na fita daga rumfar ba. A taksi na zauna a kujerar da na kama wa hoto, hannuna a ɓoye tsakanin cinyoyi. Na yi ta jiran Rakiya ta ce ai ta faɗa mini, har na shirya amsa. Ba ta ce ba. Sai da muka shigo Paraku ta ce, murya ƙasa-ƙasa, “Shekara tara ina ce musu mijina ya san aikinsa.” Wannan ta fi dariyar Yaya Sani ciwo sau dubu. Kunyata ni na jawo wa kaina, amma tata ba ta yi komai ba na ɗora mata.

Na koma wa Ɗanlami da faɗa, ya ce shi tawada ya sayar mini, bai ce in yi wa hoto wanka ba. Wani dattijo mai gyaran inji ne ya yi mini bayani yana wanke bututun injina. Ya ce tawadar asali garin launi ne mai laushi da ke manne wa takarda. Ta Gar kuwa rini ce zalla, ba laifi ga ƙananan hotunan da za a sa a albam, amma a kan irin takardar nan ruwa kaɗan ya ishe ta. Wato abin da Rakiya ta gane daga kallon yatsuna ke nan.

Na sayo ta asali na sake bugawa. A bayan shago na gwada shi, ƙofa a rufe, Rakiya ce ta riƙe butar. Da na kai Jugu na durƙusa daga nesa kamar mutumin kirki. Hajiya ta lashi yatsa ta murza gefe, ta duba yatsan, ta ce a rataye a falo. Na roƙa a ba ni na farkon in ƙone, ta ce ai yana aiki. Ashe a shagonta na kasuwa ta rataye shi. Duk mai sayen da ya ce atamfarta ta yi tsada, ga mai arha can, sai ta nuna masa fuskarta da ta narke, ta ce ga abin da mai arha ke yi. Wai ciniki ya ƙaru. Ta ce wannan ne karo na farko da wasan namu ya amfani kasuwa.

Darasin da na koya bai da yawa. In za ka gwada abu, gwada shi a ɗaki kafin ka kai rumfa. In kuma 'yar masu atamfa ta ce maka abu zai zuba, rufe bakinka ka ɗauko buta. Ɗabi'ar kwara ruwa dai na bar ta, ko da yake mutanen Jugu ba su yarda ba. Har yau in na je gidan, Hajiya takan ce a kawo wa mijin Rakiya ruwa ya sha, amma a riƙe masa kofin.