Yadda Za Ka Mallaki Farantin da Ba a Cin Abinci a Ciki

Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya. Na yi maka alkawari, kafin wata uku duk wanda ya shiga falonka zai fita yana jin kunyar kwanonin gidansa.

1. Nemi dillali

Samu dillalin tsofaffin kaya, wanda shagonsa ya fi ko'ina duhu. Zai zaro maka farantin tangaran na tsakiyar ƙarnin da ya wuce, mai shuɗin tsuntsu da aka zana da hannu. Ƙafar tsuntsun ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Kada ka yi dariya.

"Yallaɓai, inji ba ya iya irin wannan kuskuren," zai ce maka.

Biya. A wannan harka kuskuren ake saye, farantin gyara ne.

2. Girmama tsaga

In ka ga tsaga a bakinsa, kira ta tarihi. Ƙurar ma kada a wanke, da ita aka yi ciniki.

3. Hana shi aiki

Buga ƙusa, ka rataye shi a bango, sama da talabijin. Ƙaro masa 'yan'uwa bakwai. Matarka za ta ce, "Baban yara, faranti takwas a bango, mu kuwa sai wani ya gama ci sannan a zuba wa wani?"

Yi mata lacca a kan ado. Yi magana a hankali, ba kowa aka haifa da ido ba.

4. Karɓi baƙuwa

Gwaggonka za ta zo kwana uku. Za ta daɗe tsaye gaban bangon, tana duba tsagar nan.

"Ɗan nan, aikin dai yana nan ko?"

"Yana nan, Gwaggo."

"To. Allah ya rufa asiri."

Ɗauki wannan a matsayin yabo, ka tafi ofis da kwanciyar hankali.

5. Dawo gida

Za ka tarar da sabbin farantan roba takwas, ja da kore, rataye a ƙusoshin nan.

"Na ga a nan kuke ajiyewa," in ji Gwaggo. "Ina raye ɗan ɗan'uwana ba zai baje fasassun kwanoni baƙi suna gani ba. Tsofaffin na ba mai tsintar tarkace, har albarka ya sa mini."

Durƙusa ka yi godiya. Sautin da kake ji daga kicin ba tari matarka take yi ba.

6. Koma wa dillali

Tsuntsunka yana kan teburinsa, ya riga ka isowa.

"Wannan ai nawa ne."

"Shi ya sa ya ƙara tsada, yallaɓai. Daga gidan wani babban masanin tangaran ya fito."

Kafin ka ɗaga murya, tuna cewa kai ne masanin. In ka ƙaryata shi, kanka ka ƙaryata. Biya.

7. Ƙawata gida

Naɗe farantin cikin tawul, ka tura shi ƙarƙashin gado har Gwaggo ta tafi. Kada ka ƙosa. Ta riga ta shaida wa dangi ba za ta motsa ba sai ta ga ka farfaɗo.

Hattara: mai wannan shawara ba ruwansa da fushin mata, ko ramukan bango, ko buhun tallafin da dangi za su aiko maka. Faranti kawai aka yi alkawari, ga shi can kuma ƙarƙashin gado.